Fasinjojin Thistlegorm

Tun kafin asuba jirgin 'yan nutso ke tashi daga Sharm El-Sheikh ta ƙasar Masar, kuma tafiyar takan ci awa uku ko fiye, lokacin da ya ishe ka ka karanci kowa. Inda aka dosa shi ne Thistlegorm, jirgin dakon kayan Ingila da jiragen saman yaƙin Jamus suka nutsar a Bahar Maliya ranar 6 ga Oktoban 1941. Yana nan kwance a zurfin mita 30, cikinsa maƙare da babura ƙirar BSA da motoci Bedford da tulin takalman roba.

Wanda ido ke fara sauka a kansa shi ne Sarkin Kaya. Komai nasa sabo dal: agogon nutso biyu, tocila uku, ga wuƙa ɗaure a ƙwauri kamar mai zuwa fawa. Shi ne kuma zai faɗa ruwa ya taso yana kakari, ashe bai buɗe tukunyar iskarsa ba.

Sai Zuƙau. An cika wa kowa tukunya daidai wa daida, amma kafin a gama zagaya farfelar jirgin shi ya shanye tasa. Da yake ƙa'ida ce biyu-biyu ake sauka, biyu-biyu ake hawa, duk wanda aka haɗa da shi ya biya kuɗin kallo ne ya dawo da labari.

Mai Kyamara kuwa, Allah ya ba mu haƙurinsa. Bai zo ganin jirgi ba. Ga kan jirgin ƙasa guda, wanda fashewar bam ta wurgar gefe tun 1941, sai ya juya masa baya, ya kafa hanci a kan wata 'yar tsutsar ruwa mai launi wadda ba ta kai farce ba. Minti goma yana nan, filas na walƙiya, ƙafafunsa na tayar da laka, ku da ke bayansa ba ku ganin ko tafin hannunku. Da yamma zai tsare ka da hotuna ɗari biyu, duk na tsutsar.

Ɗan Taɓa-taɓa an faɗa masa murjani halitta ce mai rai, ba dutse ba, kuma mutum tara suka mutu a jirgin nan, a bar kayansu. Bai ji ba, sai da ya shafa murjanin wuta. Yanzu yana zaune a kusurwa ana zuba masa ruwan khal a yatsu.

Baƙo shi ke ba ni tausayi. Aka tambaye shi lafiya, ya ɗaga babban yatsa cikin murna, alhali a ƙarƙashin ruwa ma'anar wannan ita ce a hau sama.

Tsohon Hannu ba ya gamsuwa. "Ai da ka zo shekara ashirin baya," in ji shi, kamar tare da shi shahararren ɗan nutson nan Jacques Cousteau ya gano jirgin a shekarun 1950.

Duk waɗannan a wuyan ja-gora ɗaya suke, wani Bamisire marar yawan magana. A mita 5 yake jera su a jikin igiya, tsayawar minti uku kafin a fito, yana ƙirga kawuna. Bakwai. Ya sake ƙirgawa, sannan ya leƙa ƙasa, inda filas ke ta walƙiya.