Yadda ake shekara ana koyon WordPress a Gaya ba a gina komai ba

Duk matashin da ya ƙudurta zama gwanin gina shafukan intanet a Gaya ta Nijar, abu na farko da ya wajaba a kansa shi ne ya sanar da fada, wato majalisar abokan shan shayi. Kada ya taɓa kwamfuta tukuna. Ya bari sai an zuba shayi na biyu, sannan ya gyara zama ya bayyana cewa sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya da WordPress aka gina su, kuma shi ma ya shiga sahu. Maganar gaskiya ce, ƙididdigar W3Techs ce, kuma ta isa ta sa a soma kiransa injiniya tun ba a wanke kofuna ba. In yana son ƙarin kwarjini, sai ya ɗora da tarihi: a watan Mayun 2003 ne Matt Mullenweg, Ba'amurke, da Mike Little, ɗan Ingila, suka fito da manhajar, a kan tushen wata tsohuwa mai suna b2 da wani Bafaranshe, Michel Valdrighi, ya rubuta. Shekarun Mullenweg 19 a lokacin. Wannan ɓangaren gara ya tsallake shi, don ba a rasa ɗan iskan da zai tambayi nasa shekarun.

Daga nan sai tara darussa, kuma a nan ɗan Gaya ya fi ɗan Yamai da ɗan Sakkwato sa'a. Faransancin lakwal yana bakinsa, Malanville na tsallaken kogi tana ƙara goge masa shi, Turancin ciniki kuma ya tsinto shi a hanyar Kamba. Ƙofofi biyu ke nan a buɗe. Ta ɓangaren Ingilishi akwai Learn WordPress, makarantar da masu manhajar da kansu suka buɗe, darasi bi da bi tun daga girkawa har zuwa rubuta ƙananan manhajoji, ba a biyan ko dala. Akwai WordPress.tv, inda ake ajiye laccocin tarukan WordCamp, waɗanda aka soma a San Francisco a 2006 kuma an yi irinsu har a Legas. Ta ɓangaren Faransanci akwai WPMarmite, akwai kuma OpenClassrooms, wadda asalinta Site du Zéro ce da Mathieu Nebra ya kafa a 1999 yana ɗan shekara 13 (wannan ma kada a faɗa a fada).

Dabarar ita ce ya sauke duka. Ya cika katin wayarsa da bidiyon YouTube masu tsawon awa uku, ya raba su aji-aji, ya tura wa abokai, amma kada ya kuskura ya kalli ɗaya har ƙarshe. In ya zama dole ya kalla, ya zaɓi wanda aka ɗauka kafin Disamban 2018. A watan ne sigar 5.0 ta zo da sabon fagen rubutu mai suna Gutenberg, inda ake jera shafi guntu-guntu, saboda haka abin da malamin tsohon bidiyo yake nunawa ba zai taɓa yin kama da abin da ke gaban ɗalibi ba. Mako biyu cur za su tafi wajen neman maɓallin da aka cire tuntuni, kuma laifin zai faɗa kan kwamfuta.

Yana da kyau kuma kada ya bambance WordPress.org da WordPress.com. Ta farko manhajar ce tsurarta, kyauta, mutum ya ɗauka ya girka inda ya ga dama. Ta biyu kamfanin Automattic ne ke tafiyar da ita tun 2005, shi ke ba da masauki, da tsarin kyauta mai iyaka da na biya. Wanda ya buɗe asusu a ta biyu yana bin darasin ta farko zai samu abin yi wa mutane ƙorafi na tsawon wata guda.

Uzuri kuwa, Gaya ba ta rasa shi ba, kuma mai kyau. Kowa ya tuna watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, a lokacin da kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin ƙasar daga can yake zuwa. Sai a watan Maris na 2024 aka mayar. Rezo ma yana da ranakunsa, shi ya sa aljihun mutanen kan iyaka ba ya rabo da layuka: Airtel, Moov, Zamani, da na MTN don ranar tsallakawa. Ɗalibin kirki ya riƙe wannan uzurin da hannu biyu. Abin da zai guje wa kamar annoba shi ne jin labarin XAMPP ko Local, manhajoji na kyauta da ake saukewa sau ɗaya su mayar da kwamfutar mutum tamkar uwar garke, ya gina shafinsa gaba ɗaya a ɗaki ko da babu intanet, ya ɓata, ya goge, ya sake. Akwai ma WordPress Playground, mai buɗe cikakkiyar manhajar a cikin burauza ba tare da sayen komai ba. Duk wanda ya kawo masa wannan labari ba masoyinsa ba ne, ya zo ne ya raba shi da hujjarsa.

To, a ƙaddara ƙaddara ta faɗa masa, wani Alhaji mai sito cike da dilolin gwanjo ya ji ana ce masa injiniya, ya kira shi ya ce: "Yaro, a yi mini irin abin nan da mutanen Kwatano suke da shi." Yanzu an zo wurin kuɗi. Shafi yana buƙatar suna, yana buƙatar masauki, kuma duka biyun haya ne kamar rumfar kasuwa: shekara ta zagayo ba a biya ba, a wayi gari wani ne a ciki. Sunan zai iya ƙarewa da .ne na Nijar, ko .com na kowa da kowa. Kamfanonin masauki na Turai da Amurka ba su san kuɗin hannu ba, kati suke so, lissafinsu da yuro ko dalar Amurka. Na yuro da sauƙi, tun da sefa 655.957 ce a ɗaure, ba ta motsi.

Shawarar masana a nan ita ce a yi rajistar sunan da katin wani aboki, da imel ɗin wani abokin daban, wanda ke shirin tafiya ci-rani. Bayan wata 11 saƙonnin tunatarwa za su riƙa sauka a akwatin da ba mai buɗewa. Alhaji, wanda ya riga ya buga adireshin a jikin kalanda da ƙofar sito, shi zai fara ganowa.

Wajen ado kada a yi rowa. Rumbun WordPress yana da ƙananan manhajojin ƙari wajen 60,000 na kyauta, kuma rashin godiya ne mutum ya tsaya a biyar. Ya girka arba'in, uku daga ciki suna aiki iri ɗaya suna faɗa da juna. Hotuna kuma ya ɗora su kai tsaye daga waya, kowane da nauyinsa na megabait biyar ko shida, ya jera goma a fuskar farko suna juyawa, na farko Alhaji a gaban mota. Abokin ciniki a Birnin Kebbi zai danna, ya ga farin allo, ya jira, ya ga hular Alhaji ta fito, sai goshi, sai kuɗin datarsa ya ƙare kafin a kai gemu. Da an rage hotunan zuwa kilobait 200 da shafin ya buɗe nan take, amma ina armashin?

Rigar shafi ta kuɗi kuma, ba sai an saya ba. Ana rarraba na sata a zaurukan WhatsApp da Telegram, kuma da yawansu da ɓoyayyar ƙofa suke zuwa, wadda mai rabon ya bar wa kansa. A haɗa wannan da sunan shiga "admin" da lambar waya a matsayin kalmar sirri, a yi watsi da jan alamar da ke cewa a sabunta, kada kuma a ajiye kwafin shafin ko'ina, duk da cewa UpdraftPlus tana yin haka da kanta. Wata safiya shafin Alhaji, mutumin da ba ya rasa sahun farko a masallaci, zai tashi yana tallan caca da harshen da ba wanda ya iya karantawa a garin.

Akwai wani tarko da darussan Paris da na Amurka ba sa ambata, domin bai shafe su ba. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, saboda haka mai shafi zai so ya rubuta da ita. Sai ya zaɓi salon haruffa mai lanƙwasa, mai kyan gani, wanda bai san ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. Kowace kalma mai ƙugiya za ta fito da harafi ɗaya baƙo a tsakiya, ya fi sauran kauri ko ya karkace, wani lokaci ma ɗan akwati ne kawai a gurbinsa. Gwajin bai wuce minti ɗaya ba: a rubuta jimla mai ɗauke da haruffan huɗu, manya da ƙanana, a duba a waya. Haruffan Noto na Google suna ɗauke da su, allon rubutu na Gboard ma yana da Hausa. Ɗalibin da ke bin wannan jagora zai warware matsalar ta hanyar cire ƙugiyoyin gaba ɗaya, mai karatu ya yi ta canke.

Abin da za a rubuta a ciki shi ne na ƙarshe da ya kamata a yi tunani a kai. Sabon shafi yana zuwa da rubutun gwaji, a Faransanci "Bonjour tout le monde !", kuma ana iya barinsa nan shekara biyu yana gaida duniya. Alhali garin cike yake da abin da baƙo ke nema bai samu ba: farashin dila a wannan makon, lokacin da rake ke sauka, inda ake samun gishirin Fogha da murucin giginya, yadda ake tsallaka kogi da kwale-kwale tun da aka toshe gadar Malanville a 2023, masaukin da ke da janareto. In kuma sha'awa ta ja shi ga labaran siyasa da tonon silili don tara jama'a, ya sani akwai dokar laifukan intanet ta 2019, kuma gyaran da aka yi mata a watan Yunin 2024 ya dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna. Wannan ba ya cikin raha.

Wata rana Alhaji zai ce shi fa WhatsApp ya ishe shi, a nan yake sayar da kayansa tun kafin a haifi shafin. Yana da gaskiya fiye da rabi. Shafin da zai amfane shi fuska huɗu ne kacal: abin da yake sayarwa, farashi, inda sito yake, da maɓalli ɗaya babba mai kai mutum WhatsApp ɗin nasa. Injiniya ya yi fushi da wannan magana, ya ce an raina ilimi, ya tafi neman wata takardar shaida, ko ya ce sai ya je Jami'ar Dosso, wadda aka kafa a 2014, ya ƙaro karatu. Karatun alheri ne. Sai dai shugaban makaranta mai zaman kanta, ko mai otal, ko sakataren ƙungiyar manoma da zai ba shi aiki na gaba ba zai buɗe takardar ba. Wayarsa zai miƙo ya ce: "Malam, buɗe mini wanda ka yi in gani."