Zuwa da Kai Ya Fi Saƙo, In Ji Kawu

Mutumin Sudan zai bar maka gadonsa ya kwana a tabarma. Da azumi zai tare motarka a tsakiyar titi, ya rantse har da saki sai ka sauko kun yi buɗa-baki tare. Abu ɗaya ne ba zai iya ba ka ba, wato kalmar "a'a". Bakinsa ba ya ɗaukarta. Duk wanda ya taɓa neman aiki a Khartum ya ɗanɗana illar wannan kirki.

A watan Oktoban 2017 Amurka ta ɗage takunkumin da ta ƙaƙaba wa Sudan tun 1997, gari ya ɗauki zance cewa arziki na tafe, dala za ta sauko, kamfanoni za su yi ta ɗibar ma'aikata. Lokacin na gama karatu a Jami'ar Afirka, inda ɗaliban Najeriya suka yi kaka-gida, kuma ba na son komawa Kano hannu rabbana. Ina zaune a Umbadda wajen wani kawuna na nesa, jikan mutanen nan da suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, hanya ta riƙe su. Sana'arsa agashe a gefen Kasuwar Libiya, kuma a ganinsa duk aikin da ba a hura masa gawayi zaman banza ne.

Sai na ji labarin wani kamfani a unguwar Khartum Biyu mai aika lalle da humra da turaren wuta zuwa Kano, yana neman wanda ya iya Hausa da Larabci. Na ce to, an zo gidan. Na kai takardu, aka kira ni intabiyu. Mudir, wato manaja, dattijo ne mai farar jallabiya da rawani. Ya tambayi lafiyata, da ta iyayena, da ta mutanen Najeriya baki ɗaya. Ya taya ni murnar samun gurbin gasar kofin duniya da muka yi a farkon watan. Sannan ya gyara zama ya jefo tambayar da ta fi kowace nauyi: a ƙwallon ƙasar, Hilal nake yi ko Marrikh? Na ce duk biyun 'yan Omdurman ne, ni kuwa baƙo ba ya shiga faɗan 'yan gida. Ya yi dariya har rawani ya karkace, ya ce, "Khalas ya ustaz, ka ɗauki kanka ɗan gida. Za mu kira ka."

Takardun nawa ko buɗe su bai yi ba. Na fassara hakan da cewa fuskata kaɗai ta gamsar da shi.

Masana na intanet sun ce bayan intabiyu a aika wasiƙar godiya kafin awa ashirin da huɗu. Na zauna na tsara imel da Larabcin littafi, irin wanda ko limamin Juma'a sai ya nemi ƙamus. Shiru. Daga baya na ji cewa ɗan mudir ne ya buɗe adireshin kafin ya tafi karatu Malesiya, ya tafi da lambar sirrin a kansa. Sai na koma waya. Wanda bai taɓa gaisawa da Basudane ta waya ba ba zai gane ba: kef, tamam, kef al-hal, Allah yibarik fik, iyali fa, zafi fa, sai a sake ɗaukowa daga farko. Daidai lokacin da na buɗe baki zan ce "game da maganar aikin nan", sai katin Zain ɗina ya ce ga garinku.

Kawu yana juya nama yana kallona. Ya ce, "Ɗan nan, wa ya ce maka ana neman aiki da yatsa? Zuwa da kai ya fi saƙo. Kuma ba a zuwa wa babba hannu na dukan cinya." Washegari da sassafe ya gasa agashe na musamman, ya barbaɗe shi da yaji, ya naɗe a takarda da albasa da lemon tsami, ya ce in kai wa mudir.

Daga Kasuwar Libiya zuwa tashar Jakson tafiya ce ta ƙetare Farin Nilu, kuma a wancan lokacin da safe gadar ba ta motsi. Muka tsaya cak a kanta, ana hango Mugran inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu ke haɗuwa, su kaɗai ke tafiya a duk faɗin birnin. Zafi ya taso, ƙamshin yaji ya cika bas. Kwandasta, wanda aikinsa ƙyasta yatsu yana karɓar kuɗi, ya daina ƙyastawa ya zuba wa cinyata ido. Ladabin ƙasar kuwa shi ne in kana riƙe da abinci ka ce "itfaddalu", mutane su ce Allah ya yi albarka, magana ta wuce. Na faɗa don sauke nauyi. Wata tsohuwa a gefena ta ce bismillah. Da ta buɗe hanya sai takarda ta zaga har wajen direba. Na isa Khartum Biyu da albasa da ɓarin lemo guda.

Sakatare ya ce mudir ya fita, in dawo Laraba ƙarfe tara. Larabar ta faɗo ranar 1 ga Nuwamba, ranar da gwamnati ta mayar da agogon ƙasar baya da awa ɗaya, bayan ta tura shi gaba tun shekarar 2000. Wayata ta ce tara, agogon masallaci ya ce takwas, maigadi ya ce shi da rana yake aiki. Na tambaye shi da wane agogo mudir ke zuwa, tsoho ko sabo? Ya ce, "Mudir yana zuwa bayan fatur."

Fatur shi ne karin kumallon da ake yi wajen goma zuwa sha ɗaya, kuma shi ne ginshiƙin aikin ofis a Sudan. Ana kawo babban kwano na ful, wake ne da aka dafa ya yi lugub, a zuba man riɗi da cuku da tumatir, a gutsuttsura burodi a ciki, kowa ya sa hannu, daga akawu har mai shara. Ina zaune a benci ina jiran mudir sai na ji an ce, "Ya zol, taso!" Na ce alhamdulillahi na ƙoshi. Aka rantse. Na taso.

Daga nan al'amari ya rikice. Kullum in zo bibiyar aiki, a ce "bukra in sha Allah", wato gobe in Allah ya yarda, sannan a matsa mini wuri a bakin kwano. Sannu a hankali na san wanda ba ya cin barkono, na san wa ke bin wa bashi. Aka fara aikena sayo burodi tunda ni ne ba ni da abin yi. Injin hoton takardu ya maƙale, na gyara. Wata rana wani saurayi ya shigo da fayil a hammata, ya gaishe ni da ladabi, ya ce ya kawo takardunsa makon jiya, ko akwai labari? Wallahi ban san lokacin da bakina ya ce masa ya dawo gobe ba.

Da ɗan'uwan akawu zai yi aure aka zagayo da kashaf, takardar gudummawar da kowa ke rubuta sunansa da abin da ya bayar. Sunana na ciki, an ma riga an rubuta, tsakanin na direba da na sakatare. Na biya da kuɗin motar da Kawu ya ba ni. Ranar da ƙafa na yi wani yankin hanyar, ina lissafin cewa zuwa yanzu kamfanin nan ya fi samun kuɗi a wurina fiye da yadda na samu a wurinsa.

Mai shayin da ke ƙarƙashin bishiyar ƙofar ofishin, wadda kullum nake yi wa Larabci tana ba ni amsa da Larabci, ita ce wata rana ta miƙo mini kofi ta ce da Hausa tsantsa, "Ɗana, kai kuwa me kake nema a gidan nan?" Ashe 'yar Mai Wurno ce, garin da ke bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da mutanensa bayan yaƙin Burmi na 1903. Na zayyana mata komai. Ta ce, "Ayya. Ai aikin nan an ba ɗan ƙanwar matar mudir tun kafin a kira ku. Ga shi can, mai jan hankali wajen cin cuku."

Na ce, "Inna, kin sani ba ki gaya mini ba?"

Ta ce, "Ka tambaye ni? Kuma kana sayen shayi."

Mutumin da ta nuna shi ne wanda muke haɗa kafaɗa da shi a bakin kwano, wanda ya fi kowa ce mini in ƙara haƙuri. Na shiga ciki da niyyar in yi fushi, amma fushi yana wuya a kan wanda ya saba tura maka ɓangaren da ya fi mai. Kafin in yi magana ya riƙo hannuna ya ce Allah ne ya kawo ni. Hausarsa, in ji shi, ta tsaya a "sannu" da "lafiya lau", ga kuma saƙonnin murya sun taru a WhatsApp daga wani Alhaji a Kano, ko zan saurara in gaya masa abin da yake cewa?

Na saurara. Alhaji ya biya kuɗin lalle tun kafin babbar salla, kaya ba su iso ba. Ya aiko imel, shiru. Ya yi waya, katinsa ya ƙare a gaisuwa. Ɗan ƙanwar matar mudir ya ce in gaya masa gobe in Allah ya yarda. Na danna na faɗa da Hausar Kano, har da "ranka ya daɗe".

Ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta shigo. "Allahu akbar! Ashe akwai namu a ciki! Yaro, ɗan wace unguwa ne kai? Don Allah ka riƙe lambata, tunda kai ma'aikacinsu ne ka riƙa sa mini baki wajen manaja. Kuma akwai wani ɗan ƙanina da ya gama karatu nan Sudan yana neman aiki, zan turo maka shi."