Gida Mai Waliyyai 27

Na san ku sarai, 'yan gardama. Tun ban buɗe baki ba kun riga kun yanke hukunci: wai maganar sharuɗɗan shiga Tarayyar Turai duk bula ce, ƙungiyar Kiristoci ce kawai, wanda suke so su ce masa shigo, wanda ba sa so su bar shi yana safa da marwa har takalminsa ya cinye. Hujjarku kuwa ɗaya tal, ita ce da safe ita ce da yamma: Turkiyya. To ku gyara zama. Ba zan ce ba ku da gaskiya ko ta anini ba, sai dai inda gaskiyar taku ta fi ƙarfi ba nan kuke nuna yatsa ba.

Sharuɗɗan dai a rubuce suke, ba a kunne ake raɗa su ba. Sashe na 49 na yarjejeniyar tarayyar ya ce duk ƙasar da ke Turai, wadda take mutunta ƙa'idojin tarayyar, tana iya miƙa takarda. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, da ƙasashen gabashin Turai suka yi dafifi a bakin ƙofa, sai shugabanni suka zauna a Kofenhegen a watan Yunin 1993 suka fayyace abin da suke nufi. Ana so a ga zaɓe na gaskiya, kotunan da ba gwamnati ke juya su ba, da kare haƙƙin ɗan Adam da na tsiraru. Ana so a ga tattalin arziƙin da ba zai durƙushe ba ranar da aka buɗe iyaka kayan Jamus suka kwararo. Sai kuma wanda ya fi cin rai: ƙasa ta kwashi dokokin tarayyar kaf ta zuba cikin nata. An karkasa su babi 35, tun daga kamun kifi da tsabtar abinci har haraji, gasar kasuwanci da shari'a. Kada ku zaci ciniki ake yi a teburin. Doka ba a taya ta. Abin da ake ja a kai shi ne yaushe za ka fara aiki da ita, da ko za a ɗaga maka ƙafa na wasu shekaru.

Na ji wani daga baya yana cewa, ai Malam, rubutu daban aiki daban. Haka ne? Je ka tambayi Sulobakiya. A 1997, da aka zaɓi rukunin farko da za a fara zama da su, an kira Cek, 'yar uwarta da suka rabu shekara huɗu kacal kafin nan, ita kuwa aka ce ta koma gida. Laifinta salon mulkin Firaminista Vladimir Meciar ne, da yadda yake yi wa 'yan adawa da tsiraru 'yan asalin Hangari. Masu zaɓe suka sauke shi a 1998, aka gayyaci ƙasar a 1999, ta shiga a 2004 rana ɗaya da Cek. Kuroshiya kuma an sa mata ranar fara zama a watan Maris na 2005, aka ɗage saboda ba ta miƙa Janar Ante Gotovina ga kotun laifukan yaƙi ta Heg ba, alhali jama'arta da yawa gwarzo suka ɗauke shi. Sai 2013 ta shiga. Ita kanta Turkiyyar taku, me kuke zaton ya sa ta soke hukuncin kisa tsakanin 2002 da 2004? Mafarki ta yi?

Amma cika sharaɗi rabin tafiya ne. Ku ɗauka neman aure ka je gidan da waliyyai 27 ne, kuma ba wanda ya isa ya ba da 'yar sai dukkansu sun amince. Ka kawo lefe cif, an yi bincike an same ka tsaf, sai wani baffa ya tuna cewa kakanka ya taɓa cinye masa iyakar gona. Shi ke nan, an tashi taro. Haka abin yake: karɓarka a matsayin mai nema, fara zama, rufe kowane babi, duk sai kowace ƙasa ta ɗaga hannu. A ƙarshe Majalisar Dokokin Turai ta amince, sannan kowace ƙasa ta tabbatar a gida.

Kuma baffannin nan ba sa tambayar addini kafin su hau kujerar na-ƙi. Janar de Gaulle na Faransa sau biyu ya tare Birtaniya, 1963 da 1967, sai bayan ya bar mulki ta samu shiga a 1973. (Ta kuma fice da ƙafarta a 2020, amma wannan hirar wata rana ce. Akwai ma Norwe, da aka ce an ba ta har sau biyu, 1972 da 1994, jama'arta suka kaɗa ƙuri'a suka ce sun fasa.) In kuwa tausayi kuke son ji, ku bar Turkiyya ku dubi Masedoniya, ƙaramar ƙasa wadda mafi yawan mutanenta Kiristoci ne. Tun 2005 aka amince da ita a matsayin mai nema. Girka ta ce atafau, sunan nan na lardinta ne na arewa, ba za a zauna ba sai an sauya shi. Aka yi ta ja shekara da shekaru, har a 2018 suka sa hannu a yarjejeniyar Prespa, a 2019 ƙasa sukutum ta koma Masedoniya ta Arewa. Ku tsaya ku auna wannan: an sauya alluna, an sauya fasfo, don dai a shiga. Kun zaci daga nan sai buɗa? A watan Oktoban shekarar, Shugaba Macron na Faransa ya ce a dakata, tsarin karɓar baƙin ma yana bukatar gyara. Da aka shawo kansa, a 2020 Bulgeriya ta miƙe ta ce tana da magana kan harshe da tarihi, daga baya aka ce sai an sa Bulgeriyawa cikin kundin tsarin mulkin ƙasar. Wane babi ne cikin 35 ɗin ya yi zancen wanda ya mallaki gwarzayen da suka mutu fiye da shekara ɗari? Babu.

Yanzu mu zo kan 'yar lelenku. Turkiyya ta miƙa takarda a 1987, aka amince da ita mai nema a 1999, aka fara zama a watan Oktoban 2005. Cikin babi 35, 16 aka buɗe, ɗaya tak aka rufe, na kimiyya da bincike. Finlan kuwa ta nema a 1992, Janairun 1995 tana ciki. Na ga kuna murmushi. Ku ƙara da wannan: Valéry Giscard d'Estaing, tsohon shugaban Faransa, ya fito fili a 2002 ya ce Turkiyya ba ƙasar Turai ba ce, Sarkozy na Faransa da Merkel ta Jamus kuma suka yi ta tallar wata alaƙa ta musamman maimakon cikakkiyar kujera. Wanda ya ce addini da tsoron yawan Turkawa, mutum fiye da miliyan 80, ba sa cikin lissafin, bai faɗi gaskiya ba. Sai dai ku ma kukan tsallake wasu shafuka. A Disambar 2006 an daskarar da babi 8 ne saboda Ankara ta ƙi buɗe tashoshinta ga jiragen Saifurus, ƙasar da ke cikin tarayyar amma ita ba ta amince da gwamnatinta ba. Bayan yunƙurin juyin mulkin 2016 kuma aka kori dubban alƙalai, aka cika gidajen yari da 'yan jarida, sai ga sanarwar 2018 cewa zaman ya tsaya cik. Albaniya da Bosniya, inda Musulmi suka kai kusan rabin jama'a ko fiye, duk an amince da su masu nema, Albaniya ma an fara zama da ita tun 2022.

Bari in ba ku hujja kyauta, tunda taku ta tsufa. In kuna son kama Turawan nan da son kai, ku daina kallon waɗanda aka hana, ku dubi waɗanda aka bari. A 1976 Hukumar Tarayyar ta ba da shawarar kada a yi gaggawa da Girka. Ministoci suka yi watsi da shawarar don a ɗaure wa sabuwar dimokuraɗiyyarta gindi, ta shiga a 1981. Ita ce kuma a 2004 ta amsa cewa alƙaluman giɓin kasafin kuɗin da ta shiga kuɗin Yuro da su ba daidai ba ne. Saifurus fa? A ƙuri'ar raba gardama ta Afrilun 2004, Turkawan tsibirin suka amince da shirin Kofi Annan na haɗe ƙasar, Girkawan tsibirin suka ƙi, kuma bayan mako guda waɗanda suka ƙi ɗin ne suka zauna a kujera. Romaniya da Bulgeriya an shigar da su a 2007 ana sane da cewa ba su gama gyara kotunansu ba, aka ci gaba da sa musu ido har 2023. Yukren ta nema ranar 28 ga Fabrairun 2022, kwana huɗu da fara mamayar Rasha, kafin ƙarshen Yuni an amince da ita mai nema. Abin da ya fi duka kuwa, yarjejeniyar ba ta da sashen kora. Hangari a hannun Viktor Orban an riƙe mata biliyoyin Yuro, kotun tarayyar ta ci ta tara, amma kujerarta da ikonta na hana wasu shiga ba wanda ya taɓa su.

Kafin dariyar ta yi yawa, ku waiwayo gida. Maroko ta nemi shiga ƙungiyar Turai a 1987, aka ce ta dubi taswira. Bayan shekara 30, a Fabrairun 2017, sai ta ƙwanƙwasa ƙofar ECOWAS. A taron Monrobiya na watan Yuni shugabanninmu suka ce sun amince bisa manufa. Nan fa masu masana'antu da ƙungiyar ƙwadago ta Najeriya suka tayar da jijiyar wuya: Maroko tana da yarjejeniyar ciniki da Turai, in ta shigo kayan Turai za su biyo ta su kashe masana'antunmu, wasu kuma suka ce ita ma ta dubi taswira. A taron Abuja na Disamba, Muhammadu Buhari ne mai masauki, aka ce sai an ƙara nazari. Maroko dai ba ta shiga ba. Ina jiran wanda zai gaya mini wace coci ce ta hana ta.

Mu ma muna da namu sharaɗin a rubuce, yarjejeniyar Dakar ta 2001, wadda ta haramta karɓar mulki da bindiga. Da aka zo aiwatar da ita kan Mali, Burkina Faso da Nijar, su ukun suka tattara nasu ya nasu suka fice a Janairun 2025. To ranar da Yamai ta turo takarda ta ce za ta dawo, ina so in ji bakinku: a ce sai ta yi zaɓe tukuna, ko a buɗe mata saboda albasar Galmi da manyan motocin da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya? Ku amsa ɗaya bayan ɗaya, ban da ihu.