Fi'ili Ɗaya, Cefanen Mako Guda

Ƙamus ɗin da na saya a Malmo ba ya tsoron Allah. A gaban kalmar "bjuda" ya jero ma'anoninta da Turanci hankali kwance: gayyata, miƙa wa mutum abu, taya kaya a gwanjo, sai can ƙarshen layi, inda ido ya riga ya gaji, ɗaukar nauyin cin wani da shansa. Ni kuwa na rungumi ta farko, tunda ita aka sa a gaba.

Lokacin ina zuwa SFI, ajin da hukuma ke koya wa baƙi yaren Suwidin kyauta. Da yamma kuma nakan leƙa ɗakin karatu na unguwa, inda wasu tsofaffi 'yan fansho ke taya mu hira don bakinmu ya faɗa. Ran 4 ga Oktoba, ranar da ƙasar ta ware wa kanelbulle, wani naɗaɗɗen burodi mai kirfa da sukari, na ga ya kamata su san karatu ya zauna. Na miƙe, na gyara murya, na ce mu tafi fika, wato zaman shan kofi da ɗan abin taɓawa. Na rufe da ƙarfi: "Jag bjuder!"

Ban taɓa ganin tsofaffi sun sa rigar sanyi da sauri irin na ranar ba.

A shagon, wata baiwar Allah da kullum take ce mana likita ya hana ta zaƙi ta nuna koren kek ɗin nan, prinsesstårta. Mijinta ya ɗauki burodi mai tulin jatan lande a kai. Kowa ya wuce ta gabana sai ya dafa ni ya ce "tack", wato na gode, na ce lallai mutanen nan sun san darajar gayyata.

Da yarinyar shagon ta juyo da na'urar biya wajena, hankalina bai tashi ba. Ai na san tsarin. A teburin mai shayi a Kano, kana sa hannu aljihu wani zai riƙe ka: "Haba Malam, wallahi ba ka biya!" A yi rantse-rantse, a ƙarshe mai ƙarfin cikinku ya biya. Sai na tura hannu aljihu a hankali. Na fito da shi. Na sake turawa. Tsofaffi na can suna hura kofi. Abokina ɗan Siriya, wanda shi kaɗai ya san wannan kokawa, ya fita amsa waya.

Na zaro takardun kurona, yarinya ta ce ba sa karɓar tsaba, sai kati ko Swish, manhajar biya ta waya. Kati ya yi ƙara, cefanen mako ya tafi.

Bayan kwana biyu uwargida ta ce in kawo mata tsohuwar nan mai koren kek su gaisa. Muna hawa na sama ne, "upp" kuma sama ke nan, sai na haɗa, na ce wa tsohuwar zan "bjuda upp" ɗinta. Ashe neman mace ta taso ku yi rawa ake nufi. Ta jingine sandarta, ta miƙo mini hannu biyu, a tsakiyar ɗakin karatu, mijin yana tafi.

Mai shirin zuwa Suwidin, in za ka kira mutane shan kofi, ka ce "Ska vi fika?" ka ja bakinka ka yi shiru. Kowa zai biya nasa.