Madalla da Tikitin Alfarma

Mutanen Gaya da Ajingi, ku fito mu taya 'ya'yanmu murna. Duk yaron da ya samu aikin jirgin sama, ko tuƙi ko hidimar fasinja, ya haye, domin kamfani ya yi masa kyautar da malamin firamare bai taɓa mafarkinta ba: tikitin ma'aikaci. Jidda, Dubai, Alƙahira, sai inda ransa ya so. Sharaɗi ɗaya ne tak, shi ma ɗan ƙanƙani: sai in an samu kujerar da kowa ya ƙi.

A harkar ana kiran irin wannan tikiti ID90, wato an rage kashi 90 cikin ɗari na kuɗi. Harajin filin jirgi kuwa mai shi ne zai biya daga aljihunsa, don kada alherin ya yi masa yawa ya sangarce. Sai ya taso daga Ajingi da asuba, ya ratsa Gaya, ya haye gadar Wudil, ya iso filin jirgin Malam Aminu Kano, ya raɓe gefen kanta. Masu tikitin kuɗi su shige, wanda ya makara ma a jira shi. In kujera ta ragu, falillahil hamdu. In ba ta ragu ba, ya koyi haƙuri kyauta, kuma duk Kano ba makarantar da ke koyar da shi da kyau haka.

Amma wanda ya fi kowa dacewa shi ne ma'aikacin ƙaramin kamfani da ke tashi da sunan babba. Fentin jirgin na babban kamfani ne, tikitin fasinja nasa ne, riba ma tasa ce. Matuƙi da masu hidima kuwa na wani daban ne, mai albashi mai sauƙin ɗauka. A Amurka haka SkyWest ke yi wa United da Delta da American aiki. A nan gida kuma, lokacin jigilar alhazai ko cunkoson ƙarshen shekara, kamfanoni kan hayo jirgi da ma'aikatansa da gyaransa da inshorarsa gaba ɗaya. Fasinja bai san da wannan ba. In abinci ya huce ko tashi ya yi jinkiri, wanda ke gabansa zai zazzaga wa, kuma ba wanda zai tsaya tambayar wane ne ubangidansa. Wajen shan faɗa ɗan gida ne cikakke. Sai an zo rabon kujerar alfarma ake tuna asali: galibi a fara da ma'aikatan babban kamfani da iyalansu, shi kuma a ajiye shi can ƙasan layi, inda iska ta fi kaɗawa. Wannan ai girmamawa ce. Ba a so baƙo ya yi turereniya.

Masu hassada za su ce ko karen mota a tashar Gaya ya fi shi gata, tunda duk cikar mota ba a tashi a bar shi, ko a bakin ƙofa zai maƙale. Ku rabu da su. Karen mota yana da kakin da aka goge? Yana jan 'yar jaka mai taya?

Kuma tikitin yana rage wa kamfani nauyi ta hanyar da ta cancanci yabo. Me zai sa a biya mutum albashin da zai kama haya kusa da wurin aiki, alhali yana iya zuwa aiki a kujerar banza? Amurkawa sun gwada. Ranar 12 ga Fabrairu 2009, jirgin Colgan Air da ke tashi da sunan Continental ya faɗi kusa da Buffalo, mutum 50 suka rasu. Bincike ya nuna mataimakiyar matuƙin, mai albashin kusan dala 16,000 a shekara, tana zaune ne a yankin Seattle, ƙarshen ƙasar ta yamma, kuma ta kwana tana bin jiragen kaya kafin ta iso Newark ta kama aiki. Ko sisi ba ta biya na tafiyar ba. A rubuta wannan a shafin alherin kamfani.

Mu ma muna da namu tarihin. Ma'aikatan Nigeria Airways sun ci wannan gata shekara da shekaru, har aka rufe kamfanin a 2003. Haƙƙinsu na sallama ya koma jiran kujera shi ma, sai a 2018 gwamnatin Buhari ta amince da sakin naira biliyan 22.68, kusan rabin abin da suke bi. Da yawa sun riga mu gidan gaskiya kafin a kira sunansu. To amma mutanen da suka saba tsayuwa gefen kanta, shekara goma sha biyar wani abu ce?

Daɗin abin bai tsaya kan yaro ba, har gida yake kaiwa. Tun ranar da aka ji ya fara aiki, dangi daga Albasu har Ajingi sun gama rabon tafiye-tafiye. Ita tsohuwa buƙatarta ɗaya ce.

"Ɗan nan, tunda jirgin naku ne, bana a Makka zan yi goman ƙarshe."

"To Inna, in Allah Ya yarda."

Ba zai iya ce mata jirgin ba nasu ba ne, su ma aro aka yi su. Ba zai iya ce mata a goman ƙarshen azumi jirgin Jidda ko allura ba ta samun wuri ba. Sai a haɗa kuɗin biza, a yi sallama da maƙwabta, a kai ta Kano ta zauna a benci tana jan carbi har a rufe ƙofa. Malamai sun ce niyya ma tana da lada, ga shi kamfani ya samar mata ba tare da wahalar ɗawafi ba. In ta koma gida yara suka taru neman tsaraba, zamzam ne kawai zai yi wuya. Dabino akwai shi a Wudil.