Waliyyin Amarya Yana Ofishin Biza

A majalisarmu ta bakin titi akwai wani ƙanenmu da ya shekara biyar yana tsine wa lefe. Da an taɓo zancen aure sai ya miƙe tsaye, wai iyayen 'yan mata sun mai da abin kasuwa: akwati shida, kuɗin gaisuwa, kayan sa rana, ga binciken asali har kakan kaka. Rannan sai ga shi baki har kunne. Allah ya yanke masa wahala, ya samu Baturiya a Facebook, 'yar Ingila, ko ɗankwali ba ta nema.

Muka ce masha Allah. Babu wanda ya gaya masa yarinyar tana da waliyyi, kuma waliyyin nan ba ya cin goro.

Surukin Bahaushe in ya tsananta, ya tambayi sana'arka, ya aika unguwarku a ji ko ana ganinka a sallar asuba. Shi kuwa ofishin biza takarda yake so. Sai ka je asibitin da shi ya amince da shi a ɗauki hoton ƙirjinka, a tabbatar ba ka da tarin fuka. Sannan jarrabawar Turanci, ka nuna ka iya gaisuwa da tambayar hanya. Mutumin da ya ishe mu da Turancin gidan ƙwallo ya kwana uku yana bita. Kuɗin cike takarda kusan fam 2,000, na asibitin can kuma fam 1,035 duk shekara, a biya tun ciwon kai bai zo ba. Da ya juya lissafin zuwa naira sai ya yi tagumi, ya ce, “Yaya, ashe akwati shida rahama ne.”

Inda na fi shan dariya shi ne sharaɗin ciyarwa. Tun 2012 dokar Ingila ta ce mai son kawo mata ko miji daga waje sai yana samun fam 18,600 a shekara. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga zuwa 29,000. Kuma albashin wanda ke zaune a can ake dubawa, wato amarya. Ita za ta kawo takardun albashi da na banki, ita za ta nuna ɗakin da za ta ajiye shi. A taƙaice dai ango ne zai tare. Wannan bawan Allah da ya sha yi mana huɗuba cewa namiji ne mai ci da gida, wanda babu magidancin da bai kira mijin-ta-ce ba, yanzu bayan kowace salla roƙonsa ɗaya ne: Allah ya ƙara wa madam girma a wurin aiki.

Sai hujjar soyayya. Suna son su gamsu auren na gaskiya ne, ba na neman biza ba, don haka a kawo hotuna da hirar waya da tikitin jirgi. To mu hoton ɗaurin aurenmu me ke ciki? Maza 200 cikin manyan riguna a ƙofar masallaci, amarya tana can ƙuryar ɗakin gwaggonta. Je ka fahimtar da Bature cewa an gama komai ba ta zo ba.

Waliyyin Amurka ya fi iya tsiya. Yana da bizar da ake ba saurayi ko budurwa, ka shiga ka ɗaura aure cikin kwana 90 ko ka tattara. Wajen neman katin zama kuma, in ya yi zargi, yakan raba mata da miji ya yi wa kowa tambayoyi daban ya gwada amsoshin. Na kwatanta Innarmu da Baba a gabansa, shekara 40 da aure, 'ya'ya tara. Hajiya, sunan mijinki? “Malam.” Sunansa na yanka fa? Ta ja mayafi ta rufe fuska. Alhaji, yaushe aka haifi matarka? “Shekarar da aka yi fari.” A fasfo kuwa su biyun duk 1 ga Janairu. Launin buroshin haƙorinsa? Aswaki ne. Wane gefen gado yake kwana? Malam yana turakarsa. Auren da ya fi kowanne ƙarko a unguwarmu shi za a buga wa hatimin bogi, ɗan damfarar da ya haddace sunan karen matarsa ya wuce yana ɗaga hannu.

Mu koma Ingila. Bizar farko wata 33 ce, a sabunta ta wata 30, sai an cika shekara biyar ake maganar zama na dindindin. Aure ya mutu a tsakani, biza ta bi shi. Igiya uku tana hannun ango, ba a musa ba, amma ta huɗu tana hannunta, kuma ita ce mai jirgi. In aka yi faɗa shi zai yi yaji, babu mai zuwa biko. Zancen ƙari kuwa ya bar shi a filin jirgin Kano, don mata ta biyu ba ta samun biza.

Kada mu cika yi wa Bature dariya, mu ma da tamu. Sashe na 26 na tsarin mulkin 1999 ya ba matar da ta auri ɗan Nijeriya damar yin rajista ta zama 'yar ƙasa. Mijin da ya auri 'yar Nijeriya kuwa sashen bai san da zamansa ba.

Makon jiya na ci karo da ƙanen namu a tasha, ya sha shadda yana jiran motar Maraɗi. Na ce, “Kai, ina madam?” Ya ce albashinta bai kai ba, an rage mata ranakun aiki. Amma ya samu wata ta wajen dangin kakarsa. “Yaya, ai ita ma 'yar ƙasar waje ce, kuma ba hoton ƙirji.” Na tambaye shi akwati nawa suka ce. Ya ce takwas, sadaki kuma da sefa.