Manhajar da ta san kowa

Akwai wata manhaja da aikinta gane sunaye. An riga an horar da ita, ta sauke karatu. Kai dai ka rubuta layi uku da harshen kwamfuta na Python, ka kirawo ta daga rumbun manhajoji na spaCy, ka miƙa mata jimla. Nan take za ta yanke hukunci: wannan mutum ne, wannan gari, wannan kamfani. Ba ta cewa "Allahu a'alamu."

To, a kai ta Gate City Boulevard da ke Greensboro, jihar North Carolina a Amurka. Titi ne, amma ga birni zaune cikin sunansa. Kafin 2015 wani ɓangarensa Lee Street ne, ɗayan kuma High Point Road, sunan garin maƙwabta. Shi kansa Greensboro sunan Janar Nathanael Greene ya ci. Baiwar Allah, da wanne za ta ji?

Wannan ma somin taɓi ne. Tun 2021 masu binciken ƙungiyar Masakhane suka tanadar wa irinta darasin Hausa. Sai a gwada ta da wannan: Laraba ta je gidan Malam Aminu Kano a Kano ranar Laraba. Idan ta mayar da Malam ƙaramar hukuma, kada a ɗauko bulala. A ƙara wa malaminta kuɗin Laraba.